Mai neman 'yarki ya ce shafukan intanet yake ginawa

Wannan makon saƙon wata 'yar'uwa daga Safana ne ya tsayar da ni. Wani yaro ɗan garinsu ya fito neman 'yarta, har magabata sun fara magana. Da aka zo bincike aka tambayi sana'arsa, sai aka ce bai daɗe da samun aiki ba a wani kamfani da ke gina wa mutane shafukan intanet. Ba shago, ba gona, ba ofishin da za a nuna, sai jaka da kwamfuta. Kawun yarinyar ya ce shi bai yarda ba, irinsu ne 'yan yahu. Ita kuwa uwar ta rasa inda za ta kama.

Uwargida, da farko dai sana'ar gaskiya ce, kuma kin sha cin moriyarta. Shafin da ɗanki ya duba sakamakon JAMB ko NECO, da wanda kike karanta labarai a wayarki, duk mutane ne suka zauna suka rubuta su layi bayan layi. Akwai abin da suke kira HTML, shi ne ginin ɗakin kansa. Akwai CSS, shi ne jere: labule, fenti, inda gado zai zauna. Sai JavaScript, wanda ke sa idan kin taɓa wuri abu ya motsa. Wasu gaban shafin suke yi, wanda ido ke gani. Wasu kuma bayansa, inda ake ajiye sunaye da lissafin kuɗi. Kamfanin da ya ɗauke shi kwangila yake karɓowa daga makaranta ko asibiti ko ɗan kasuwa, ya raba wa ma'aikatansa.

Kada kuma rashin digiri a fannin ya tsorata ki. Wasu sun karanta ilmin kwamfuta a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, nan kusa da ku, ko ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Wasu kuwa a shirin 3MTT suka koya, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani da hukumar NITDA. Wasu ma YouTube ne malaminsu. A wannan sana'a aikin hannu ake dubawa kafin takarda, kamar tela.

To amma kawu ma bai yi ƙarya ba. Da mai gina shafi da ɗan damfara duk kwamfuta suke rungume da ita har tsakar dare. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da abin nunawa. Na san ba za ki zauna da surukin gobe kina yi masa tambayoyi ba, kunya ba za ta bari ba. Ki tura yayan yarinyar ko wani ƙaninki mai ido a waya, ya ce masa: nuna mini shafi biyu ko uku da ka sa hannu a ciki. Mai gaskiya murna zai yi, har sai an gaji da bayaninsa. A karɓi sunan kamfanin a duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko yana da rajista. Dubawar kyauta ce. A nemi ganin takardar ɗaukarsa aiki, a kuma yi magana da wani abokin aikinsa ko shugabansa. Ba cin fuska ba ne. Da malamin makaranta ne ai da an je an tambayi hedimasta.

Abu guda ne ban yarda a yi masa uzuri ba. Idan ya taɓa ce wa 'yarki ta ara masa asusunta na banki za a turo masa kuɗi, ko ya nemi lambar BVN ko NIN ɗinta, a dakata da maganar nan take. Kamfani ba ya biyan albashi ta asusun budurwar ma'aikaci. Ranar da EFCC za ta bi sawun kuɗin, sunan mai asusu za ta fara gani. Ki tambayi yarinyar wannan a ɗaki, ke da ita, ba a gaban babanta ba.

Sai maganar samu. Tunda sabo ne, wataƙila yana cikin watannin gwaji, kuma albashin farko ba shi da yawa. Wasu ma ba albashin wata ake ba su ba, sai an gama aiki a biya, wata a samu, wata shiru. Ki san wanne ne nasa kafin a yanka sadaki da ranar biki. Ni yaron da ya ce "abin da nake samu ke nan, kaɗan ne" ya fi kwanta mini da wanda wata uku da fara aiki ya shigo da mota.

Ga tambayar da mutanen birni ba za su tuna ba, amma ke ta Safana ko Batsari dole ki yi ta: a ina za su zauna? Ba ki manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da naku, sai a Disamba aka fara maido da su. Manomi ya ci gaba da zuwa gona inda hali ya yi, mai shago ya buɗe shagonsa, amma mai irin wannan aiki ranar kasuwarsa ta tashi. Don haka ko an ce masa daga gida zai riƙa aiki, sabis da wuta za su iya kai shi Katsina ko Kano ko Abuja, kuma da 'yarki zai tafi. Idan yana cewa a gida zai zauna, a tambaye shi yana da sola, kuma me zai yi idan sabis ya ɗauke mako guda.

Ita ma amaryar a faɗa mata tun yanzu. Miji yana gida ba ya nufin yana da lokacin hira ko aike. Idan masu ba kamfanin aiki a Amurka suke, New York tana bayanmu da awa biyar zuwa shida, wato lokacin da ta gama abincin dare shi taro zai shiga. Na ga gidan da wannan kaɗai ya kai su gaban iyaye tun ba a cire lallen biki ba, ita tana cewa hira yake da wata, shi yana rantsuwa aiki ne.

Na mayar wa 'yar'uwarmu ta Safana da amsa kamar yadda na rubuta a nan. Ta ce yayan yarinyar zai je Katsina ranar Asabar ya ga ofishin da idonsa, kuma kawun ya ce sai ya bi shi.