Wa Zai Kai Maganar Hajiya Zauren Taro?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rumfar mai MoMo a kasuwar Nima ko Maamobi ya san wannan hoton. Dattijuwa ta zo karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko daga Jamus ko Amurka, ta kwance wayarta daga bakin zane, ta miƙa wa yaron da ke rumfar, sannan ta sunkuya ta raɗa masa lambar sirrinta. Wannan baiwar Allah ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, kuma lissafin cinikin shekara yana kanta. Abin da ya ɗaure mata hannu shi ne jerin zaɓi da Turanci, wanda kan ɓace daga fuskar wayar kafin ta gama laluben lamba ta biyu. Mu kuma da ke tsaye a bayanta mun saba, har mun daina ganin abin a matsayin matsala.

Akwai fannin ilimi sukutum da aikinsa ke nan. Ana kiransa nazarin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta, kuma masanansa ne ke binciken girman rubutu a fuskar waya, da tsawon lokacin da manhaja za ta jira mutum, da dalilin da ya sa wani ke tsoron taɓa maɓalli. Babban taronsu na duniya, CHI, ya faro ne a Amurka a 1982. Na nahiyarmu, AfriCHI, an fara shi a Nairobi a 2016, aka sake haɗuwa a Windhoek ta Namibiya a 2018. Ra'ayinmu shi ne ɗalibanmu na Zango da ke karatun kwamfuta a Legon da Ashesi da Kumasi su riƙa zuwa irin waɗannan tarurruka da ƙafafunsu, su zauna a kujera a gan su.

Za a ce ai takardun suna intanet, kuma tun annobar korona, wadda ta hana taron CHI na 2020 zama a Honolulu, an koyi bin jawabi daga ɗaki. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan ba: ga mai goyo, ga wanda aka hana biza, hanya ce da da can babu ita. Sai dai mai kallo daga ɗaki saurare kawai yake yi. Jawabi minti goma sha ne, tambaya ɗaya ko biyu, a tafa, a tashi. Ainihin taron yana farawa ne bayan nan, a layin shayi da bakin ƙofa, inda malami ke neman wanda zai yi aiki da shi baɗi, inda ake yanke shawarar wace unguwa za a je bincike da wane harshe za a gwada. Wanda ke Nima yana fama da data ba ya cikin wannan hirar, kuma ba wanda zai tuna da shi a cikinta.

Sannan akwai abin da takarda ba ta iya ɗauka. A rubuce, Hausa harshe ɗaya ne mai miliyoyin masu magana, kuma tun 2013 take cikin Google Translate. Amma sai ɗan Zango ya buɗe baki a gaban mai ƙera manhajar murya, ya ji Hausar Accra da kunnensa, da Twi da Ga da Turancin da suka narke a cikinta, kafin ya gane cewa na'urar da aka horar da Hausar Kano za ta sha wuya a Maamobi. Sai an ɗora masa waya a tafin hannu, an nuna masa zauren WhatsApp na dangi wanda kusan duk saƙon murya ne, an nuna masa wahalar neman ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutu, an gaya masa cewa waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita a gida guda. Gani ya kori ji. Magabatanmu ma ba da wasiƙa kaɗai suka nemi ilimi ba. Alhaji Umaru na Karaci daga Kano ya taso, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, kuma tafiyar nan ce ta sa almajiransa suka bazu a zangunan ƙasar nan.

Batun kuɗi kam ba a ɓoye shi. Tikitin jirgi, masauki, kuɗin rajista da dala, ga sidi kullum tana rangaji. Biza kuwa wani wulaƙanci ne na daban: a 2018 da 2019 an hana masu bincike da dama daga Afirka shiga Kanada don wani babban taron ƙirƙirarriyar basira. Amma a nan ne ya kamata mu tuhumi kanmu. A Yulin 2019 an yi taron COMPASS, na kwamfuta da ci gaban al'umma, a nan Accra. A Satumban 2023 Deep Learning Indaba ta sauka a Jami'ar Ghana da ke Legon, kuɗin trotro kawai daga Nima. Ba biza, ba jirgi. Kowa ya tambayi majalisar da yake shan shayi: mu nawa muka ma ji labari?

Muna haɗa kuɗi don biki da suna da zaman makoki, muna haɗa wa mai tafiya Hajji guzuri, kuma haka ya dace. Ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai da fadar sarakunan Zango za su iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya a shekara ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba, musamman da yake taron CHI kan yafe kuɗin rajista ga ɗaliban da suka yi masa aikin sa kai. Sharaɗin da za mu gindaya masa guda biyu ne. Kafin ya tafi, ya yi mako yana zama a rumfar mai MoMo yana rubuta inda iyayenmu ke maƙalewa. In ya dawo kuma, ya tara mu bayan sallar la'asar ya faɗa mana, da Hausa, wa ya gani da kuma abin da suka ce da ya ba su labarin Hajiya.