Zanen ɓatanci: A kan wa fushinmu ke sauka?

Malam Edita,

Babu Musulmin da zai ga an yi wa Manzon Allah (SAW) zanen izgili zuciyarsa ba ta tafasa ba, kuma ba wanda ya isa ya hana shi wannan fushin. Abin dubawa shi ne wanda fushin ke sauka a kansa.

A watan Satumba na 2005 jaridar Jyllands-Posten ta Denmak ta buga irin wannan zane guda 12. Ranar 18 ga Fabrairu 2006 zanga-zangar adawa da zanen a Maiduguri ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u, aka kashe aƙalla mutum 15. Ba a rufa mako ba aka yi ramuwar gayya a Anacha kan 'yan Arewa, fatake da masu neman abinci da ba su taɓa ganin zanen ba. Haka aka maimaita a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 kan zanen mujallar Charlie Hebdo ta Faransa, rayuka 10 suka salwanta. Ita kuwa mujallar Charlie Hebdo, wadda a da ke buga kwafi kusan 60,000, bayan wani hari da aka kai ofishinta a wannan watan sai da ta buga miliyoyi.

Masu cewa faɗar albarkacin baki ba ta da iyaka ba su faɗi gaskiya ba. Tun 1990 Faransa ke hukunta mai musun kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa. A 2018 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da tarar da Ostiriya ta ci wata mata kan kalaman ɓatanci ga Annabi (SAW). Iyaka tana nan, ana kuma iya matsa ta.

Wanda ya matsa ta kuwa ba da ashana ya yi ba. Ƙaurace wa kayan Denmak a ƙasashen Larabawa a 2006 ya girgiza kamfanin madara na Arla. Matsin lambar ƙasashen Musulmi bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani ya sa majalisar Denmak ta zartar da doka a Disamban 2023 mai tanadin ɗaurin da zai kai shekara 2 ga mai aikata hakan.

Don haka limamai da masu wa'azi a rediyo, don Allah, duk ranar da irin wannan ya sake tasowa ku riga 'yan zuga hawa mumbari. Ku nuna wa matasa hanyar ƙauracewa, da takardar koke, da kotu, ku kuma gaya masu ƙarara cewa jinin maƙwabcinsu Kirista haramun ne.

Daga mai karanta jaridarku, Kano