Mai cewa "Darmok" shirme ne, ya leƙa ajin CI a Galma

Wani abokina malamin lakwal ya same ni ina nuna wa yara wani tsohon fim a salula, sai ya ce: "Malam, kai ma ka shiga sahun masu ɓata wa yara lokaci da labarin mutanen sama?" To, ga amsarsa a bainar jama'a.

Fim ɗin kashi ne na shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation. Sunan kashin "Darmok", an fara nuna shi a 1991. Kyaftin Picard ya gamu da wasu halittu, Tamariyawa. Na'urar tafinta tana fassara kowace kalma tasu, amma ba a gane nufinsu, domin ba sa magana sai da ambaton mutane da wuraren da ke cikin labaran kakanninsu. Shugabansu Dathon ya sa aka sauke shi da Picard a wata duniya mai dodo, ya miƙa masa wuƙa. Picard ya zaci faɗa ake nema da shi, alhali gayyatarsa ake yi su haɗa kai su tari dodon. Sai da ya gane, ya ba Dathon labarin Gilgamesh, sannan suka fahimci juna. Raunin da dodon ya yi wa Dathon shi ya zama ajalinsa.

Masu suka na cewa wa zai ƙera jirgin sama jannati da irin wannan harshe? Da gaskiyarsu, amma ba a tambayar tatsuniya yadda aka yi Gizo ya iya magana.

Mu Hausawa ai Tamariyawan ne. Ka ce wa baƙo "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi". Ko ya haddace ƙamus, in bai taɓa ganin wasan kura ba, ya tashi a tutar babu.

Yanzu dubi yaron Galma Kudawace da ya shiga ajin CI da Hausa zalla a bakinsa. Mushe na magana da Faransanci, shi kuwa yana maimaitawa kamar aku. A ƙarshen shekara sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Wa ya miƙa masa wuƙa bai gaya masa ta mece ce ba? Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida a Zinder, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Amma takardar Yamai ba ta shiga aji da ƙafarta. Malam, in za ka koyar da sabuwar kalma, fara rataya ta a jikin abin da yaro ya sani: gonar albasa, kasuwar Madawa, rijiyar garinsu.

Iyaye, ku ma ba ku tsira ba. Yaushe rabon da a ce "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gidanku? In yaro bai san Gizo da Ƙoƙi ba, gobe kakarsa za ta yi masa karin magana ya tsaya yana kallonta, kamar yadda yake kallon mushe. Ya rasa nan, ya rasa can.

Abokina, ranar Alhamis da yamma zan sake nuna shi. Ka zo da 'yan ajinka.