Kamen Gombe: labari ɗaya, baki biyu

'Yan uwa na Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan, a watan Oktoban 2023 jami'an Sibil Difens a nan Gombe sun kama mutum 76, maza 59 da mata 17, a wani bikin zagayowar ranar haihuwa, suka ce auren jinsi ake shirin ɗaurawa. Ku duba yadda labarin ya fita. Yawancin kafafenmu na gida sanarwar hukuma suka kwafe, suka kira su 'yan luwaɗi tun ba a kai kowa gaban alƙali ba, hotuna suka cika Facebook. Kafafen Turai kuwa sukar da ƙungiyar Amnesty ta yi suka sa a gaba, tare da dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14.

Kowa da inda ya karkata. Baturen edita yana son labarin Arewa mai tsanani da duhun kai. Namu kuma tsoro yake kada a ce ya goyi bayan baɗala, don haka in an yi wa wanda ake zargi dukan kawo wuƙa, sai a rubuta cewa "matasa sun fusata". Ko a Fabrairun 2014, da gungun mutane suka fito da wasu maza daga gidajensu a Gishiri, Abuja, suka lakaɗa musu duka, a kafafen waje labarin ya fi ƙarfi.

Haka a Yulin 2024 Daily Trust ta ce yarjejeniyar Samoa ta ƙunshi batun auren jinsi. Masallatai suka ɗauka. Daga baya hukumar sauraren ƙorafi kan 'yan jarida ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa, amma wa ya karanta afuwar?

Ni dai matsayin addinina kan luwaɗi a fili yake. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma hukunci na alƙali ne, ba na mai gora ba. Mu 'ya'yan fataken shanu, da iyayenmu ke bin tirela zuwa kudu, ya kamata mu fi kowa gane wannan. A Uromi, cikin Maris 2025, kalma ɗaya, "masu garkuwa", ta isa aka ƙone mafarauta 16 da ke hanyar Kano zuwa Sallah. Ran nan mu ne muke kukan an yanke mana hukunci kafin bincike. A Gombe kuwa da yawanmu tura hotunan muka yi ta yi.