Kafin Ka Sayi Doki, Koyi Ciyar da Shi

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa kallon hawan salla a Kano ko Ilorin, ko kuwa bikin Ojude Oba a Ijebu Ode, inda mahaya suke fitowa a kan dawaki cikin ado. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan salla na Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Ba abin mamaki ba ne idan wannan kallo ya sa ka yi sha'awar mallakar doki. Wasu za su ce maka doki na sarakuna ne da attajirai, ɗan makaranta ba shi da rabo a ciki. A ganina, buri ne mai kyau, muddin ka fahimci abu ɗaya: kuɗin saye sau ɗaya ake biyan sa, amma ciyarwa kullum ce.

Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30. Kowace rana yana bukatar ciyawa ko harawa, da dawa, da dusa, da ruwa kamar lita 20 zuwa 40. Yana bukatar barga mai tsabta, da sirdi, da linzami, da ragama. Idan ya yi ciwo, sai an kira likitan dabbobi. A yankunan kudu masu kurmi kuma akwai ƙudan tsando, wanda cizonsa yake kawo cutar sammore. Saboda haka, sana'ar da ta dace da kai ita ce wadda za ta ba ka kuɗi, ta kuma koya maka kula da dabba.

Hanya ta farko ita ce kiwo. Fara da kaza. Kaza takan yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Idan 'yan tsaki suka girma, sayar da wasu ka sayi akuya. Akuya takan haihu bayan wata 5, sau da yawa ma 'ya'ya biyu. Daga nan sai ka sayi ɗan rago, ka ɗaure shi a turke, ka ciyar da shi har Babbar Salla, lokacin da raguna suke tsada saboda layya. Wanda ya iya tashi da sassafe ya ba akuya abinci ya fara koyon aikin mai doki.

Hanya ta biyu ita ce sayar da abincin dabbobi. Bayan girbi, harawar wake da ta gyada suna da araha. Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, sai farashinsu ya tashi. Ka saya da kaka, ka ajiye a wuri busasshe, ka sayar da rani. Haka nan za ka iya tara dusa daga wurin masu niƙa ka kai wa makiyaya.

Hanya ta uku ita ce aiki a barga. Akwai dawaki a gidajen sarauta, da filayen wasan polo na Legas da Ibadan da Kaduna. Da izinin iyayenka, ka nemi wani mai doki ya ɗauke ka aiki a lokacin hutu. Za ka share barga, ka ɗebo ruwa, ka wanke doki. Ladan ba shi da yawa, amma za ka koyi gane doki mai lafiya da marar lafiya. Wannan ilimi zai hana a cuce ka ranar ciniki. Kashin doki ma taki ne mai kyau wanda masu lambu suke saye.

Samun kuɗi bai isa ba, sai da tanadi. Ka sami asusu, ko ka shiga adashe tare da mutanen da iyayenka suka amince da su. Ka riƙa rubuta abin da ka samu da abin da ka kashe. Hausawa sun ce, da yayyafi kogi kan cika. Kada ka sayi doki sai ka tara kuɗinsa da kuɗin abincinsa na watanni masu yawa.

Akwai kuma hanyoyin da ya kamata ka guje musu. Caca da damfara ta intanet suna yi wa matasa alkawarin arzikin dare ɗaya, ƙarshensu kuwa hasara ko kurkuku. Haka kuma, kada neman kuɗi ya raba ka da aji. Yi sana'arka da yamma, da ƙarshen mako, da lokacin hutu.

Mai yiwuwa ne ka gama sakandare ba ka sayi dokin ba. Duk da haka ba ka yi hasara ba, domin kana da garken awaki, da jari, da sana'a a hannu. Ranar da ka ɗaure dokinka a turke kuwa, ba zai kwana da yunwa ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Fara da kaza ɗaya a wannan hutu.