Asirin Wa Ake Rufawa? Raddi Ga Masu Cewa A Kashe Maganar Fyaɗe A Gida

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan masu unguwanni, yanzu kuma ta samu masu rubuta ta suna ƙawata ta da Larabci. Wai idan aka yi wa yarinya fyaɗe, maslaha ita ce dattawa su zauna, a ja wa wanda ya yi kunne, ya biya kuɗin magani, a bar wa Allah sauran. Kai ƙara, a wurinsu, tonon silili ne. Ba duka masu wannan ra'ayi ne mugaye ba. Da yawansu iyaye ne da tsoron bakin duniya ya cika musu ciki, saboda haka ba zagi na zo yi ba. Hujjojinsu zan ɗauka yadda suke faɗar su, in auna su da littattafan da su da kansu suka yarda da su.

Sun ce Musulunci ya yi umarni da a rufa wa Musulmi asiri, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim. Hadisin ingantacce ne, babu ja. Amma wane malami ne ya fahimce shi yadda suke so? Imamun Nawawi, a sharhinsa, ya bayyana cewa suturar da ake kwaɗaitarwa ta mutumin da ba a san shi da cuta da ɓarna ba ce. Wanda aka sani da ɓarna kuwa, abin so shi ne a kai maganarsa ga hukuma, domin rufa masa asiri ƙara masa ƙarfin gwiwa ne. Ibnu Rajab ma ya yi irin wannan rabe-raben a Jami'ul Ulumi wal Hikam. Ban da haka, zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, zaluncin da ya hau kan wani daban. Wanda ya danne 'yar shekara tara a kango haƙƙinta ya ci, kuma haƙƙin ba na mai unguwa ba ne balle ya yafe. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana bayyana mummunar magana, ita ce kuma ta ware wanda aka zalunta ta ba shi damar ɗaga murya.

Za su ce ai wannan ba a san shi da ɓarna ba, karonsa na farko ke nan, sharrin Shaiɗan ne. To ta yaya za a san shi, alhali duk lokacin da ya yi sai a binne? A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka kama wani mutum a Kwanar Dangora, suka ce ya afka wa mata kimanin 40 cikin shekara guda, daga ƙananan yara har tsohuwa. Kowane gida da ya yi shiru yana ganin kansa ya kare, amma ƙofar maƙwabci ya buɗe.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta fi kama da ta malamai: babu shaidu huɗu, saboda haka duk wanda ya ambaci sunan mutum ya yi ƙazafi. A nan an cakuɗa abubuwa. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina, ba shi ne ƙofa ɗaya tilo ta hukunci ba. Idan haddi bai tabbata ba, ta'aziri yana nan, kuma alƙali yana gina shi a kan alamomi masu ƙarfi. Ibnu Farhun, Bamalike, ya yi dogon bayani kan hukunci da alamomi a Tabsiratul Hukkam, haka Ibnul Ƙayyim a Ɗuruƙul Hukmiyya, dukkansu kuma sun koma ga rigar Annabi Yusuf da aka yage ta baya. Idan yagaggiyar riga ta isa ta bambance mai gaskiya da maƙaryaci, me zai hana rahoton likita? Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya wuce nan ma. A Ahkamul Ƙur'an ya ba da labarin wasu 'yan fashi da suka ƙwace wata mace, malaman da ya shawarta suka ce wannan ba hiraba ba ce tun da ba dukiya aka ɗauka ba. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Hiraba kuwa da shaidu biyu take tabbata.

Yanzu ga wurin da nake so masu wannan ra'ayi su tsaya su karanta da kyau, domin a nan ne shawararsu take zama guba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, bayyanar ciki ga macen da ba ta da aure hujja ce a kanta. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi, ta nuna cewa idan ta ce tilasta ta aka yi, ba a gaskata ta sai da abin da ke ƙarfafa maganarta: shaidar an ɗauke ta da ƙarfi, ko ta zo tana kururuwar neman agaji lokacin da abin ya faru, ko ta zo jina-jina. Mukhtasar Khalil kuma ya nuna cewa wadda ta tuhumi mutumin da ake gani kamili, ba tare da ta riƙe shi a lokacin ba, tana iya fuskantar haddin ƙazafi. Ma'ana, garkuwar da fiƙihu ya ba ta ita ce ta yi magana nan take. Duk wanda ya toshe mata baki ranar farko ya ƙwace wannan garkuwar. Bayan wata biyar, in ciki ya fito, dattawan da suka ce a bar kaza cikin gashinta ba su ne za su tsaya gaban alƙali ba. Mun ga irin haka a Tsafe ta jihar Zamfara: yarinyar da ta ce maza uku ne suka tilasta ta, maganar ba ta fito ba sai da ciki ya bayyana, mazan suka musa aka sallame su, ita aka yi mata bulala 100 a watan Janairun 2001.

Abin mamaki, abin da fiƙihu ya nema shi likitanci ma yake nema. Maganin da ke hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ba ya wuce kwana biyar, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfaninsa. Alamomin jiki da na tufafi kuwa wanka ɗaya da wanki ɗaya suna iya tafiya da su, kuma abin da uwa take fara yi ke nan cikin ruɗewa: ta dafa ruwan zafi ta gasa 'yarta. Kwana ukun da dattawa ke ɓatawa suna aike da jiran wane ya dawo daga kasuwa, su ne kwana ukun da lafiyar yarinya ta rataya a kansu. A kotu ma, Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda a ɗaure mutum da maganar yaron da bai kai shekara 14 ba ita kaɗai, sai da wata hujja da ke mara mata baya. Sau da yawa wannan hujjar takardar asibiti ce.

Sun ce idan magana ta fasu, wa zai aure ta? Wannan tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba. Sai dai a unguwa, zaman sulhun da aka tara mutum goma sha ba sirri ba ne. Kafin a shafa fatiha labari ya kai bakin rijiya. Bambancin kawai shi ne an san an ɓata ta, ba a san an hukunta kowa ba, sai masu tsegumi su ce ai da yardarta. Suturar da take buƙata ita ce a ɓoye sunanta da fuskarta, a duba ta a keɓe, a saurari shari'arta ba tare da 'yan kallo ba. Don irin wannan aka buɗe cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, inda ake haɗa magani da kwantar da hankali da rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Sun yi kaɗan ƙwarai, mutumin ƙauye yana shan tafiya kafin ya kai. Wannan dalili ne na neman ƙari, ba na zama a gida ba. Masu cewa a aura masa ita a rufe maganar kuwa, su sani Maroko ta soke dokar da ke kuɓutar da mai fyaɗe ta hanyar aure a 2014, Jodan da Tunisiya suka bi baya a 2017, bayan sun ga abin da hakan ke jawo wa 'yan mata.

Sai maganar sulhu alheri ne, wai gara a karɓi kuɗin magani da a ƙare a zaryar ofishin 'yan sanda. Rabin wannan gaskiya ne. Talaka ya san kuɗin fayil da kuɗin man mota, ya san ɗage shari'a har takalmi ya tsinke, ya san ganin wanda ake tuhuma ya dawo unguwa a kan beli yana harararsa. Amma a kira abin da sunansa, a daina jingina shi ga shari'a. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tabbatar da cewa wanda ya tilasta mace zai biya ta sadakin irinta, kuma haddi yana kansa, ita babu komai a kanta. Kuɗin nata ne, ba na uba ko kawu ba, kuma ba ya ɗauke hukunci. Abin da ake yi a zaure akasin haka ne: wani ya karɓi kuɗin, hukuncin ya faɗi. Dokar ƙasa ma laifi take ɗaukar karɓar wani abu don a ɓoye mai laifi. Shi ya sa masu hali ne suka fi son sulhu, domin sun san farashinsa.

Game da cewa duk wannan hayaniyar ƙungiyoyin Turawa ce, ba zan daɗe ba. Dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a 2015 tana da sassan da malamai suka yi ja a kansu, kuma jihohi suna da ikon gyara ta ta dace da su, kamar yadda da dama suka yi. Amma ba Bature ne ya ƙirƙiro binciken lafiya na ƙasa na 2018 ba, wanda ya nuna kashi 55 cikin ɗari na matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ba Bature ne ya sa gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a 2020 ba, ko ya sa majalisar Kaduna ta amince da hukuncin dandaƙa ga masu fyaɗe a shekarar. Ko mutum ya yarda da dandaƙa ko bai yarda ba, hukuncin da ba a kai ƙara ba a takarda yake kwana.

Hujja ta ƙarshe a ƙasan murya ake faɗar ta: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya fitar da ita? Me ta sa? In kuma ƙarya take yi fa? Tirmizi da Abu Dawud sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru labarin matar da ta fito za ta salla, wani ya afka mata, ta yi kururuwa ya gudu. Mutane suka kamo wanda ta nuna, ashe ba shi ba ne. Da aka kai gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mai laifin ya miƙe ya amsa. Annabi ya sallame ta da albishir na gafara, ya faɗa wa wanda aka kama bisa kuskure magana mai daɗi. Ruwayar ba ta nuna an tuhume ta kan fitarta ba, ko an hukunta ta kan kuskuren nuni. Wanda aka zarga ba da laifinsa ba kuwa, a gaban hukuma ya wanku, a bainar jama'a. Da a zaure aka kashe maganar, kuɗin magani za a ce ya biya, ya ci gaba da yawo da sunan mai fyaɗe, na ainihin kuma yana gefe cikin masu sa albarka.