Ɗan Ruga Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Daren Lahadi 5 ga Janairun 2025, wayewar Litinin, ƙarfe biyu ta ɗan gota, ina kwance a hostal na ƙura wa waya ido. Abokin zamana ya farka ya ce, "Malam, jarrabawa gare ka da safe?" Na ce a'a, Detroit ce za ta kara da Minnesota. Ya ce, "A wace gasar? Ni dai ban san su a Firimiya ba." Da na ce masa ƙwallon Amurka ce, sai ya ja bargo ya ce Allah ya shirye ni.

Na san yawancinku, 'yan uwana ɗalibai, bayansa za ku bi. Mu nan in an ce ƙwallo, to Arsenal ce da Barcelona. Amma ku ba ni aron kunnuwanku, don abin da na gani a daren nan musu ne da muka saba yi a gidan kallo: wa ya fi, ƙungiya mai tauraro ɗaya ko ƙungiyar da bencinta ke da nauyi?

Bari in fara da share fage. Gasar NFL ƙungiyoyi 32 ne, an kasa su rukuni takwas, hurhuɗu. Kowace ƙungiya tana buga wasa 17, kuma tana haɗuwa da kowace abokiyar rukuninta sau biyu, gida da waje. Filin yadi 100 ne, yadin nan dai da tela ke aunawa. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi 10. In kun ci a sabunta muku, har ku kai ƙwallo ƙarshen fili, ku samu maki shida. Ko dai mai jifa ya wurga wa wani ya cafe, ko ya miƙa wa wanda ke bayansa ya rungume ta ya kutsa cikin ƙarti. Wannan na biyun shi Amurkawa ke kira ronin-bak. Ni ɗan ruga zan riƙa ce masa.

Babu aikin da ya kai nasa cin jiki a filin. Kusan duk ɗaukar da zai yi, ƙarshenta a kayar da shi ne, wani lokacin mutum uku su danne shi. In ya ɗauka sau 300 a kaka, to ya sha kayi kusan 300, ban da tare masu kawo wa mai jifa hari. Shi ya sa ni ba na fara tambayar wa ya fi gudu. Tambayata ita ce, ranar da na farko ya kasa tashi, wa zai shiga?

Rukunin Arewa na ɓangaren NFC shi ne wurin gwada wannan magana, don a kakar 2024 uku daga cikin ƙungiyoyinsa huɗu sun kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Detroit Lions ta ci wasa 15, Minnesota Vikings 14, Green Bay Packers 11, Chicago Bears kuwa biyar kacal. Abin dariyar shi ne 'yan rugarsu zagaye suke yi a tsakanin maƙwabta. David Montgomery na Detroit daga Chicago ya zo. D'Andre Swift na Chicago a Detroit ya fara. Aaron Jones na Minnesota shekara bakwai ya yi a Green Bay kafin su sallame shi. Kowa ya san sirrin gidan kowa.

Ni a wurina Detroit ce ta ɗaya, da tazara mai yawa. A 2023 sun ɗauko Montgomery kan dala miliyan 18 na shekara uku, sannan bayan 'yan makonni, a zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, suka ɗauki Jahmyr Gibbs a lamba ta 12. Masu sharhi suka yi musu ca, wai almubazzaranci ne, me za a yi da 'yan ruga biyu? Sai ga shi a kakar farko Montgomery ya ci yadi 1,015, Gibbs 945, Detroit ta lashe rukuninta karon farko cikin shekara 30. Ba kuma iri ɗaya ba ne su biyun. Montgomery ingarma ne, ta tsakiya yake bi, ya gajiyar da masu tsaro. Gibbs kuwa in ya samu 'yar kafa, sai dai a hango ƙeyarsa. Mai tsaron da ya gama kokawa da na farko, numfashinsa bai dawo ba za a sako masa na biyu.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar 15 ga Disambar 2024 Montgomery ya ji rauni a gwiwa a wasansu da Buffalo, saura wasa uku, Minnesota kuma na biye da su ƙafa da ƙafa. Gibbs ya karɓi kayan duka, ya haura yadi 100 a kowanne daga cikin ukun. A daren da na hana idona barci, ƙungiyoyin biyu kowacce na da nasara 14, wanda ya ci shi ke da rukuni da hutun mako guda. Gibbs ya ci yadi 139, ya kai ƙwallo gida sau huɗu, aka tashi 31 da 9. Ga abin lura a nan: duk kakar sau 250 ya ɗauki ƙwallo, ya ci yadi 1,412, saboda Montgomery ya ɗauke masa 185. Watau ya iso Janairu da sauran ƙafa. Da shi kaɗai ya yi ta dakon tun Satumba, wallahi ban jin zai yi abin da ya yi.

Ta biyu Green Bay. Sun biya Josh Jacobs dala miliyan 48 na shekara huɗu, ya kuma halatta kuɗinsa: ɗauka 301, yadi 1,329, kai ƙwallo gida da gudu sau 15. In mutum ɗaya ake aunawa, zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowa a rukunin. Amma dubi bayansa. AJ Dillon bai taka fili ba duk kakar saboda ciwon wuya. MarShawn Lloyd, wanda suka zaɓa a zagaye na uku don ya zama mataimaki, wasa ɗaya tak ya buga. Wanda ya rufa musu asiri shi ne Emanuel Wilson, yaron da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin da ya fito daga makaranta, ya ci yadi 502. Na yaba masa, amma gaskiya sa'a Green Bay ta taka da Jacobs bai kwanta jinya ba. Ƙungiya kuwa ba ta gina shiri a kan sa'a.

Ta uku Minnesota. Jones ya ci yadi 1,138, mafi yawa a rayuwarsa, amma a ɗauka 255, shi ma mafi yawa a rayuwarsa, ga shi a Disambar nan ya cika shekara 30. A wannan aikin, ɗan shekara 30 dattijo ne. Mataimakin da suka fara da shi, Ty Chandler, bai gamsar da su ba, har sai da suka nemo Cam Akers daga Houston a watan Oktoba, mutumin da jijiyar agararsa ta taɓa tsinkewa har sau biyu. Wanda ke neman mataimaki a tsakiyar kaka, ai ya faɗa da bakinsa cewa bai shirya ba.

Chicago ce kurar baya. Swift ya ɗauka sau 253 ya ci yadi 959, bai kai yadi huɗu a kowace ɗauka ba. Roschon Johnson sai an zo bakin gida ake tuna shi, Khalil Herbert kuma suka tura shi Cincinnati a Nuwamba. Sai dai a yi wa Swift adalci. Shekara guda kafin nan, a Philadelphia, ya ci yadi 1,049, don a can akwai ƙartin da ke share masa hanya. A Chicago katangar gaban ta yi ta yoyo, har an kayar da mai jifansu Caleb Williams sau 68. Doki komai kyansa, in hanya ta toshe sai ya tsaya.

Yanzu ga inda abokan musuna za su kama ni, kuma suna da hujja. Za su ce, to malam mai lissafi, wa ya ɗauki kofi? Philadelphia ce, da tauraro ɗaya, Saquon Barkley, wanda ya ci yadi 2,005 a ɗauka 345. Detroit mai 'yan ruga biyu kuwa Washington ta fitar da ita a wasan farko, 45 da 31. Haka ne, ban musa ba. Amma wanda ya kalli wasan ya san ba gudu ne ya kayar da su ba. Gibbs ya haura yadi 100 a ranar, ya kai gida sau biyu. Sau biyar suka zubar da ƙwallo a hannun abokan hamayya, masu tsaronsu kuma da yawa na jinya. Hasali ma wannan hujjata ce: inda bencinsu ke da nauyi sun tsaya, inda ya ƙare nan aka bi aka wuce.

Game da Barkley kuwa, sai in ce a tuna da San Francisco. A 2023 Christian McCaffrey ya fi kowa gudu a gasar, suka je wasan ƙarshe. A 2024 wasa huɗu kawai jikinsa ya bar shi ya buga, ƙungiyar ta ƙare da nasara shida. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma rashinsa ya fito fili. Jingina da mutum ɗaya caca ce. Philadelphia ta ci tata a kakar 2024, shi ke nan.

Muna ma da namu misalin. Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda bai fara wannan wasa ba sai da ya haura shekara 20, ya fi kowa gudu a 1989 da yadi 1,480 a Kansas City, ya ɗara Barry Sanders na Detroit da yadi 10. Sau 370 aka miƙa masa ƙwallo a kakar. Bai sake kaiwa wannan matsayi ba, kaka shida ya buga gaba ɗaya, ciwon gwiwa ya raka shi gida. Duk lokacin da na ji ana kirarin ɗan rugan da "ba ya gajiya", Okoye nake tunawa. Jiki da jini ne. Raba aikin nan tausayi ne ga ɗan wasan kansa, ba dabarar cin wasa kaɗai ba.

Alama ta nuna maƙwabtan ma sun ɗauki darasi. A Maris 2025 Minnesota ta karɓo Jordan Mason daga San Francisco don ya rage wa Jones kaya. Chicago ta yi wadda ta fi: ta ɗauke Ben Johnson, mutumin da ya tsara wa Detroit wannan salon na mutum biyu, ta ba shi ragamar horarwa, ta kuma zaɓi Kyle Monangai a zagaye na bakwai. Ita Detroit ba Johnson kaɗai ta rasa ba, Frank Ragnow, ginshiƙin tsakiyar katangarta, ya yi ritaya a watan Yuni. Idan akwai abin da zai rusa lissafina a kaka mai zuwa, to nan ne, ba ƙafafun Gibbs ba.

Duk da haka ina nan a kan bakana: Detroit, Green Bay, Minnesota, Chicago. Wanda bai yarda ba, ƙofar hostal a buɗe take daga Satumba. Ya taho da cajin waya da nasa datan, abokin zamana dai ya riga ya ce kar a tashe shi.